Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare da Babban Yaƙin Duniya

Wanda duk ya taso daga Shagari za shi Sakkwato, ta Boɗinga zai bi. A cikin watan Maris na shekarar 1903 wata runduna ta Turawan Ingila ta yada zango a Shagari. Daga Kano ta fito, a nan kuma wata ƙungiyar soja da ta taso daga Argungu ta tarad da ita, suka haɗu suka doshi birnin Shehu. Cikin manyan da suka fita tarbarsu da yaƙi akwai wani ɗan sarki, jarumi, ana ce da shi Marafa Muhammadu Maiturare. Bayan shekara goma sha biyu shi ne ya zama Sarkin Musulmi, ya kuwa hau gado a lokacin da duniya duk ta ɗauka da yaƙi irin wanda ba a taɓa gani ba.

Maiturare ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu ne, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mutanen Boɗinga sun san gidan nan sarai, gama Shehu ya zauna a Sifawa kusa da su kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna. Kakan Maiturare ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842, ubansa kuma daga 1859 zuwa 1866. Uban nan nasa yakan zauna a Cimola, arewa da Sakkwato. Cimola ribaɗi ce, watau gari mai ganuwa wanda aka kafa a bakin iyaka don tsare ƙasa daga mahara. Saboda haka tun yana yaro ya saba da ganin doki a ɗaure da sirdi, da jin kuwwa da tsakad dare.

A zamanin nan arewacin Sakkwato ba wurin zaman rago ba ne. Gobirawa suna kawo hari daga gabas, Kabawa daga yamma, Azbinawa kuma su kan gangaro daga arewa bisa raƙuma. Ƙasa ce mai kyaun noma, amma ta zama daji don ba mai iya kwana a gona. Da Maiturare ya girma aka ba shi sarautar Marafa, sai ya shiga dajin nan a cikin shekarun 1880, ya kafa garin Gwadabawa. Ya yi ta fama da mahara har suka san da zamansa. Da mutane suka ji an sami wanda zai tsare su, sai suka yi ta tahowa, Adarawa da Gobirawa da Buzaye da Filani, kowa ya sari daji ya yi gona, ƙauyuka suka yi ta tsira. Ta haka Marafa ya san mutanen arewa ƙwarai, ya san shugabanninsu da hanyoyinsu da rijiyoyinsu. Sanin nan ya yi masa rana daga baya.

A cikin watan Oktoba na 1902 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu, ɗan'uwan Marafa, ubansu ɗaya. Bai daɗe bisa gado ba sai labari ya zo Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Shawarar manyan Sakkwato ta rabu uku. Waɗansu suka ga a nemi sulhu, waɗansu suka ga a yi hijira a bar wa Nasara ƙasar, waɗansu kuwa suka ga ba abin da ya kamata sai yaƙi. Kafin a tsai da magana guda Turawa sun iso.

Ran 15 ga Maris aka ja dāga a filin da ke bayan birni, wurin da ake kira Giginya. Sarkin Musulmi ya tsaya a tsakiya, Sarkin Rabah Ibrahim ya riƙe hagu, Marafa ya riƙe dama. Sojan Turawa ba su kai ɗari bakwai ba, kuma shugabanninsu kaɗai ne fararen fata, sauran duk baƙaƙe ne, da yawansu ma Hausa suke ji. Amma suna da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu, wadda takan zuba harsashi ɗaruruwa kafin mutum ya gama ɗaura sirdi. Mayaƙan Sakkwato kuwa takobi ne da mashi da baka, sai 'yan bindigogi kaɗan. Masu ƙarfin zuciya suka yi sukuwa, amma ba wanda ya kai ga sahun soja. Kafin rana ta take tsaka an gama. Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, har Turawa suka cim masa a Burmi, ya yi shahada a can ran 27 ga Yuli. A ranar yaƙin Giginya ɗin nan ce aka haifi wani yaro a Dange, aka sa masa suna Abubakar, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1938 ya shekara hamsin yana sarauta.

Marafa bai bi hijira ba. Waziri Buhari ya komo da sauran jama'a aka yi sulhu, ran 21 ga Maris aka naɗa Attahiru ɗan Aliyu Babba a gaban Gwamna Lugga, aka bar Marafa da ƙasarsa ta Gwadabawa. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya zauna lafiya da waɗanda suka kashe ɗan'uwansa. Amma ya ga aikin bindiga mai ruwa da idonsa, ya kuwa tabbata doki da mashi sun gama zamaninsu.

Bayan shekara uku aka jarraba shi da abu mai wuya. A kudu da Sakkwato, wajen Dancadi, ba nisa da Boɗinga, akwai wani gari ana kiransa Satiru. Talakawa ne da bayin da suka gudo suka cika shi. A farkon 1906 suka tayar, bisa jagorancin Malam Isa da wani malami mai suna Ɗan Makaho wanda ya ƙetaro daga ƙasar Faransai, suna cewa lokacin Mahadi ya yi. Ran 14 ga Fabrairu suka auka wa soja masu dawaki da gatura da fartanyu, suka kashe Turawa uku da soja ashirin da biyar, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Sarkin Musulmi da manyansa ba su goyi bayan Satirawa ba. Marafa ya fita da mayaƙan Sakkwato ya kai musu hari, bai ci nasara ba. Ran 10 ga Maris soja suka zo da yawa suka rushe garin, aka kashe mutum wajen 2,000, aka hana kowa sake zama a wurin. Kisan nan ya wuce kima, kuma ba abin alfahari ba ne ga kowa cikin waɗanda suka sa hannu. Tun daga ran nan Turawa suka san ƙafarsu ba ta tsaya a ƙasar nan ba sai da yardar sarakuna.

To, a cikin watan Agusta na 1914 yaƙi ya tashi a ƙasar Turai. Jamus da Ostiriya suna gefe guda, Ingila da Faransa da Rasha suna gefe guda. Kowa ya zaci kafin shekara ta ƙare an gama. Ashe bindigar nan da ta karya dawakin Sakkwato ita ce za ta hana Turawa kansu motsi. Kowane gefe yana da ita dubbai, duk rundunar da ta fito fili sai a kwantad da ita kamar an sa lauje a gero. Da suka ga haka sai kowa ya ɗauki shebur ya haƙa rami ya shige. Ramukan nan dogaye ne kamar gwalalon ganuwa, zurfinsu ya shanye tsawon mutum, sun miƙe tun daga bakin teku a ƙasar Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar mil fiye da 400. A gaban kowane rami an shimfiɗa waya mai ƙaya. Tsakanin ramin waɗannan da na waɗancan akwai fili wanda ba na kowa ba, wani wuri ma bai fi a yi kira a ji ba. A ciki soja suke ci, a ciki suke kwana, cikin taɓo da sanyi da ɓeraye da ƙwarƙwata, igwa tana zuba a kansu dare da rana. Haka aka zauna shekara huɗu.

Ingila ba ta shiga yaƙin ita kaɗai ba, ta jawo dukan ƙasashen da ke ƙarƙashin Sarkinta. Ɗaya daga cikinsu ita ce Kanada, wata ƙasa mai faɗi da tsananin sanyi a arewa da Amurka. Mutanenta a sa'an nan ba su wuce miliyan takwas ba, amma fiye da 600,000 suka shiga soja, manoma da masu saran itace da ma'aikata da 'yan makaranta, har da mutanen ƙasar na asali waɗanda Turawa suka tarar a can. Suka ƙetare teku suka shiga ramukan Faransa da Beljiyam. A cikin Afrilu na 1915, kusa da wani gari mai suna Ipir, Jamusawa suka saki hayaƙi mai guba, iska ta kora shi cikin ramuka. Ya fara faɗa wa sojan Faransa, cikinsu har da mutanen Aljeriya, sahu ya ɓalle. Sojan Kanada da ke maƙwabtaka da su suka jiƙa tsummoki suka rufe hanci, suka toshe kafar, amma cikin 'yan kwanaki suka yi hasarar mutum wajen 6,000, da matattu da masu rauni da kamammu. Ran 9 ga Afrilu 1917 kuma rundunoninsu huɗu suka haɗu, karo na fari ke nan, suka hau wani tudu mai suna Vimi wanda ya gagari sojan Faransa a baya. Cikin kwana huɗu suka ƙwace shi, mutum kusan 3,600 suka mutu a kansa. Kafin yaƙi ya ƙare Kanada ta rasa 'ya'yanta fiye da 60,000.

Nijeriya ma an jawo ta. Ran 1 ga Janairu 1914 aka haɗa Arewa da Kudu, aka haɗa sojansu suka zama runduna guda mai bataliya biyar. Ingila ba ta kai sojan nan ramukan Turai ba, a Afirka suka yi nasu yaƙin, gama Kamaru a hannun Jamus take. Amma su ma sun sha rami. A Garwa, bakin kogin Binuwai, Jamusawa sun haƙa ramuka sun gina wuraren tsaro. A ƙarshen Agusta 1914 sojan Nijeriya suka taso daga Yola suka auka musu da dare, aka kore su da hasara mai yawa, har shugabansu ya mutu. Sai da aka kawo babbar igwa ta jirgin ruwa aka hau da ita kogi, sa'an nan Garwa ta sallama ran 10 ga Yuni 1915. A dutsen Mora kuwa Jamusawa kaɗan da sojansu baƙaƙe suka ƙi saukowa har wata goma sha takwas, sai a Fabrairu 1916 suka ba da kai.

Ana cikin wannan hali Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya rasu a 1915, aka naɗa Marafa Maiturare, ya riga ya manyanta. Ya tarad da abubuwa masu nauyi suna jiransa. Ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga yunwar 1914 ba. Kayan Turai sun yi wuya, tufafi sun yi tsada, kuɗin azurfa sun yi ƙaranci a kasuwa. Gwamnati tana neman gudummawa, sarakunan Arewa suka yi ta ba da kuɗi daga baitulmalinsu, kuɗin nan kuwa harajin talakawa ne. Tana kuma neman mutane. An ƙiyasta Nijeriya ta ba da soja wajen 17,000, da 'yan alaro fiye da 30,000 masu ɗaukar harsashi da abinci a ka. Ta hannun hakimai da dagatai ake samo su, kuma ba duka ne suka tafi da son ransu ba. Ɗan alaro ba shi da bindiga, ba shi da lambar girma, amma cuta da yunwa sun fi cinsa bisa kan soja.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne maganar addini. Sarkin Santambul, wanda Musulmi da yawa a duniya suke ɗauka Halifa ne, ya shiga yaƙi a gefen Jamus, a watan Nuwamba 1914 kuma aka yi shela da sunansa ana kiran Musulmi su tashi su yaƙi Ingila da Faransa da Rasha. Takardu suka yi ta yawo a Sudan da Sahara. Turawan da ke Arewa 'yan kaɗan ne, soja kuma sun tafi Kamaru. Ba su manta da Satiru ba. Idon kowa yana kan Sakkwato, gama da Sarkin Musulmi ya ɗaga tuta, da ba a san inda abin zai tsaya ba. Ga shi kuwa wanda ke bisa gado shi ne mutumin da ya riƙe dama a Giginya. Maiturare bai ɗaga ba. Ya bi hanyar da wanda ya gada ya bi, ya tsaya a kan sulhun da aka yi a 1903, sauran sarakuna kuma suka dubi Sakkwato suka zauna.

A ƙarshen 1916 aka kwashe bataliya huɗu aka sa su a jirgin ruwa, suka kewaye kudancin Afirka suka sauka a Darussalam, don su yaƙi Jamusawan Afirka ta Gabas, ƙasar da yanzu take cikin Tanzaniya. Jiragen ba su daɗe da tashi ba sai wuta ta kama a arewa. Wani shugaban Azbinawa mai suna Kawusan, mabiyin ɗariƙar Sanusiyya, ya zo da bindigogi da igwa daga wajen Fezzan, Sarkin Agadas Tagama ya haɗa kai da shi, suka kewaye barikin Faransai a Agadas a cikin Disamba 1916. Labari ya gangaro Tawa da Madawa da Ƙonni, daga Ƙonni kuwa zuwa Gwadabawa ba nisa. Faransai suka nemi taimako, aka tattara sojan da suka rage aka tura su ƙetaren iyaka ta fuskar Kano da ta Sakkwato. A watannin nan ƙasar Sakkwato kusan ba mai tsaronta sai sarakunanta. Nan ne zaman da Maiturare ya yi a bakin iyaka ya yi amfani, gama mutanen da ake tsoron su tayar, da yawansu shi ya zaunad da su, sun san shi ya san su. Ba wanda ya motsa. Ran 3 ga Maris 1917 rundunar Faransai da ta taso daga Damagaram ta shiga Agadas, Kawusan ya janye cikin duwatsun Azbin. Ramuwar da Faransai suka yi mummuna ce, sun kashe mutane da yawa a birnin, har da malamai. Azbin ta daɗe ba ta komo yadda take ba.

Mutane sun saɓa a kan abin da Maiturare ya yi. Waɗansu suna ganin dama ce ta zo aka bar ta ta wuce. Waɗansu kuwa suna cewa a dubi Satiru a dubi Agadas, sa'an nan a faɗi abin da zai sami Boɗinga da Shagari da Gwadabawa in da an tayar. Shi dai ya ga Giginya, ya ga Satiru, labarin Burmi kuma a gidansu aka yi makokinsa.

Su kuwa sojan da aka kai gabas, wahalar da suka sha ba ta da iyaka. A farkon 1917 damina ta rutsa su a bakin kogin Rufiji, hanyoyi suka yanke, abinci ya ƙare. Suka koma cin saiwoyin daji da naman dorina, waɗansu suka ci saiwa mai dafi suka mutu. A tsakiyar Oktoba aka yi babban karo a Mahiwa, Jamusawa suka kewaye su, suka haƙa ramuka suka kwanta ciki kwana da kwanaki harsashi yana wucewa a kansu, aka kashe da yawa. A ƙarshen watan nan ne sojan Kanada suka shiga taɓon Pasandel a Beljiyam, inda suka yi hasarar mutum fiye da 15,000 saboda 'yar ƙasar da ba ta fi tafiyar sa'a guda ba. Manomin Kanada da manomin ƙasar Hausa ba su san juna ba, ga su kuwa a rami a wata guda, saboda Sarki guda. Maƙwabtanmu na ƙasar Faransai ma abin ya fi tsananta musu, gama Faransa ta ɗebi dubban mutanen Afirka ta Yamma ta kai su ramukan Turai cikin sanyi. Saboda tsoron wannan, da na aikin tilas, mutane da yawa suka ƙetaro iyaka suka zauna a ƙasar Ingilishi.

Sojan Nijeriya suka komo gida a farkon 1918. Ran 11 ga Nuwamba na shekarar nan aka tsai da yaƙi a Turai. Amma kafin a yi murna wani baƙo ya riga ya sauka daga jirgin ruwa a Ikko, watau annobar mura wadda Hausawa suka sa wa suna marisuwa. Ta biyo hanyar jirgin ƙasa da ta fatake ta game ƙasa duka cikin 'yan watanni. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen rabin miliyan a Nijeriya, ninkin ba ninkin waɗanda yaƙin ya ci.

Kanada ta fito daga yaƙin da girma, har wakilanta suka sa hannu a takardar sulhu ta 1919 da sunan ƙasarsu. Nijeriya kuwa ba a tambaye ta kome ba, sai dai an yanki wani sashi na Kamaru an haɗa mulkinsa da nata. Tsofaffin soja suka watsu cikin garuruwa, waɗansu suka zama dogarai da 'yan doka da masinjoji, waɗansu suka koma gona da lambobinsu a cikin tandu.

Maiturare ya ƙara shekara shida bisa gado bayan yaƙi. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda 'ya'yan Sakkwato suka riƙa zuwa neman ilmi, cikinsu daga baya har da Ahmadu ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, wanda ya zama Sardauna kuma Firimiyan Jihar Arewa. Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare ya rasu a 1924, shekararsa tara yana sarauta, aka naɗa ɗansa Muhammadu Tambari. Da shekara ta kewayo, a cikin Fabrairu 1925, aka haifi Shehu Shagari a garin nan da rundunar Turawa ta yada zango.